Makaɗan Jita na Agadez

Makaɗan jita na Agadez mawaƙa ne da makaɗa, akasarinsu Abzinawa, da suka taso a arewacin Jamhuriyar Nijar tun daga ƙarshen shekarun 1980, suna kaɗa jitar lantarki da gangunan zamani a gidajen biki. A Turai da Amurka ana sa kiɗansu a layin rock, wasu ma na kusantar da shi da metal, wato reshen rock mai tsananin ƙara, saboda ƙarfin amo da saurin yatsun makaɗan. A gida kuwa "jita" kawai ake ce masa. Waɗanda suka fi suna a waje su ne Bombino da Mdou Moctar, amma bayansu akwai ƙungiyoyi da yawa da abincinsu ya dogara ga aure da suna a unguwannin Agadez, Arlit, Abalak da Tchintabaraden. Kusan kowane ɗayansu daga filin biki ya fara, kuma ko ya zaga duniya can yake komawa.

Asali

Abzinawa suna da kiɗansu na gargajiya tun kafin jita ta zo. Mata ke kaɗa imzad, wani abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya da ya yi kama da goge, su ne kuma ke buga tende, wato turmi da aka rufe bakinsa da fatar akuya. Kiɗan roƙo da yabo kuwa yana hannun maƙera, kamar yadda a ƙasar Hausa kiɗa ya daɗe yana bin gado. Ɗan babban gida ba ya ɗaukar abin kiɗa ya tsaya gaban jama'a.

Fari ne ya sauya wannan tsari. Na 1973 zuwa 1974, da wanda ya biyo baya a 1984 zuwa 1985, sun ƙarar da dabbobin makiyaya, samari suka bazama Aljeriya da Libiya neman aikin ƙarfi, wasu suka shiga sansanonin horon soja na Gaddafi. Waɗannan samari marasa aikin yi, da ake kira ishumar, su suka ɗauki jita. Ba ta gadon kowa ba ce, don haka ba wanda zai ce wa wani bai gaje ta ba. Ƙungiyar Tinariwen ta 'yan Mali, da ta haɗu a Tamanrasset wajen 1979, ita ce ta buɗe hanya. A ɓangaren Nijar kuwa Abdallah Oumbadougou ake ɗauka a matsayin uba, shi da ƙungiyarsa Takrist Nakal.

Bayan kashe-kashen Tchintabaraden na watan Mayun 1990 tawaye ya ɓarke a arewa. Waƙoƙin Abdallah suka zama hanyar isar da saƙo: a naɗa a kaset, a kwafa daga rediyo zuwa rediyo, a ɓoye cikin kaya, domin wanda aka kama da irin wannan kaset ya shiga uku. Da aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a watan Afrilun 1995, makaɗan suka dawo gida, jita ta fito fili. Abdallah ya buɗe wuraren koyar da kiɗa a Arlit da Agadez, ya rasu a watan Janairun 2020.

Gidan biki

Bayan sulhu kiɗan ya rage zama na 'yan tawaye, ya koma na amare. Yadda ake yi bai sauya sosai ba har yau. Da la'asar sakaliya a share fili a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi, a tayar da janareto, a jingina lasifika a kan kujera ko a ɗaure ta a jikin bango. Mata su zauna gefe guda cikin kwalliya, samari su kewaye da baburansu. Makaɗa galibi huɗu ne ko biyar: mai jan baƙi da jita, mai jitar da ke riƙe amo a bayansa, wani lokaci mai jitar bas, sai mai ganguna. Ana fita rawa bibbiyu ko hurhuɗu, ƙura na tashi, masu liƙi na manna kuɗi a rawanin makaɗi ko su cusa masa a aljihu.

Wannan filin shi ya ƙera amon da Turawa suka zo suka yi mamakinsa. Lasifikar da ta tsufa, aka kuma ƙure mata murya don a ji ta a ƙarshen layi, dole ta riƙa gurnani, makaɗan suka saba da gurnanin har ya zama ado. Mai ganguna yana ƙara gudu a hankali saboda masu rawa, waƙar da ta fara da tafiyar raƙumi sai ta ƙare a guje. Kuma da yake ƙungiyoyi sun yi yawa, bukukuwa kuwa ƙidayayyu ne, kowa na neman abin da zai sa a kira shi a bar wani. Gasar ta yi zafi ƙwarai, har da 'yar tsama tsakanin makaɗa, kuma ita ce ta haifar da gwanayen yatsu.

Yaro yana shiga sana'ar ne ta ɗaukar kaya. Ya naɗe waya, ya kula da janareto, in maigida ya tafi salla ko shan shayi a miƙa masa jita ya riƙe fili. Ƙungiyar Etran de L'Aïr, wadda 'yan uwan juna suka kafa a 1995, ta fara da jita ɗaya tal marar lantarki, gangarsu kuwa ƙwarya ce da aka kifa a ruwa ana bugunta da takalmi. Sun shekara da shekaru suna kiɗa a bukukuwan talakawa na bayan gari, waɗanda manyan makaɗa ba sa zuwa, wani lokaci da kayansu a ka. Sai a 2018 faifansu na farko ya fita a waje.

Bombino

Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, an haife shi a 1980 a Tidene, arewa da Agadez. Yana ɗan shekara goma iyalinsa suka yi gudun hijira zuwa Aljeriya, a can ya fara taɓa jita. Ya yi kiwo a Libiya, ya zama yaron makaɗi Haja Bebe, kuma yana kallon bidiyon shahararrun masu jita Jimi Hendrix da Mark Knopfler yana kwaikwayo. A 1997 ya dawo Agadez, yana kiɗan biki, yana kuma rakiyar 'yan yawon buɗe ido cikin hamada.

Tawaye na biyu da ya tashi a 2007 ya katse masa hanzari. Bisa labarin da shi kansa yake bayarwa, hukuma ta hana kaɗa jita a yankin, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya tsere Burkina Faso. Ana cikin haka kamfanin Sublime Frequencies na Amurka ya fitar da kiɗan da ya naɗa masa tun kafin ya gudu, wani mai shirya fim Ba'amurke, Ron Wyman, ya bi sawunsa har Wagadugu. A farkon 2010 Bombino ya koma gida ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadez, mai hasumiyar ƙasa ta mita 27, da yardar Sarkin Abzin. Daga nan ƙofa ta buɗe. Faifansa na 2011 ya karɓu, na 2013 makaɗin Amurka Dan Auerbach ne ya shirya shi a birnin Nashville, na 2018 mai suna Deran kuma ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar takarar lambar yabo ta Grammy.

Mdou Moctar da hanyar Sakkwato

Labarin Mahamadou Souleymane, wato Mdou Moctar, ya fi shafar mai karatu Bahaushe. An haife shi a tsakiyar shekarun 1980 a yankin Azawak na jihar Tawa, cikin gidan da ba a yarda da kiɗa ba. Ya ga Abdallah Oumbadougou yana wasa, abin ya shiga ransa, ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Bahago ne, kuma samun jitar bahago a wannan yanki ba ƙaramin aiki ba ne.

A 2008 ya tsallaka Najeriya ya naɗi faifansa na farko, Anar, a wani situdiyo a Sakkwato. Lokacin waƙoƙin finafinan Hausa na tashe, da muryar nan da kwamfuta ke lanƙwasawa da kiɗan fiyano mai gangar inji. Irin wannan aikin aka yi masa, sai dai da harshen Tamashek na Abzinawa da jita a ciki. Faifan bai shiga kanti ba. Ta Bluetooth da memori ya yaɗu, daga waya zuwa waya, a tasha da majalisar shayi, har ya kai arewacin Mali ba tare da sunan mai shi ba. A can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya ji ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya sa ta cikin wani kundi na waƙoƙin da ya kwaso daga wayoyin mutane, ya kuma sha wahalar cigiya kafin ya gano mai muryar. Da suka haɗu ya kawo masa jitar bahago.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 2015 Mdou ya fito a wani fim da aka shirya a Agadez da harshen Tamashek, kan makaɗin da ke fama da mahaifinsa da kuma abokan gasa. A 2019 ya fitar da faifan da ya naɗa a Detroit ta Amurka da cikakkiyar ƙungiya, a 2021 kamfanin Matador ya fitar masa da Afrique Victime, sai Funeral for Justice a 2024. Waɗannan na baya su ne suka fi nauyi da ƙara, su ne kuma suka sa masu sharhi a Amurka ke kamanta shi da shahararren mai jitar rock Eddie Van Halen. Kamancen yana da ƙamshin gaskiya, amma wanda ya taɓa tsayawa a bikin Agadez zai ji cewa gudun gangar na gida ne. Waƙoƙinsa sun taɓo mulkin mallakar Faransa, da yuraniyom ɗin Arlit da ake haƙa alhali ƙauyuka na kwana cikin duhu, da halin da mata ke ciki, da kuma tsoron ɓacewar harshen Tamashek.

Sauran 'yan ƙungiya

Sunan mai jan baƙi ake bugawa a fosta, amma amon ƙungiya na hannun waɗanda ke tsaye a bayansa. A ƙungiyar Mdou, Ahmoudou Madassane ya shekara fiye da goma yana riƙe jita ta biyu, aikin da ke buƙatar mutum ya maimaita bugu ɗaya na minti goma ba tare da ya karkace ba. Shi ma gwani ne a karan kansa: ya ja wani fim na 2017 ya kuma yi masa kiɗa, sannan ya taimaka wa ƙungiyar mata ta Les Filles de Illighadad a rangadinta. Souleymane Ibrahim ke kan ganguna, mai jitar bas kuwa Ba'amurke ne, Mikey Coltun, wanda yake shirya musu faifai, ya kuma sha bin motar haya daga Yamai zuwa Agadez, tafiyar kusan kilomita dubu, don yin kiɗan biki tare da su.

Wasu ba su kai ga cin moriyar sunan ba. Group Inerane ta Bibi Ahmed na cikin na farko da aka ji a waje, a 2007, amma mai jitarta na biyu, Adi Mohamed, ya rasa ransa a rikicin tawayen. Koudede, wanda ya maye gurbinsa kuma yana da nasa suna a Nijar, ya rasu a hatsarin mota a 2012.

Mata sun shigo a makare, abin da ke da ban mamaki in aka tuna cewa kiɗan tende nasu ne. Fatou Seidi Ghali, 'yar ƙauyen Illighadad da ke kusa da Abalak, ta koyi jita a ɓoye da ta yayanta. Ƙungiyarta, Les Filles de Illighadad, ta fara fitowa a 2016, tana haɗa jita da tende da amshin mata, kuma ta yi wasa a Turai da Amurka.

A Yamai akwai wani reshe dabam. Tal National, ƙarƙashin Hamadal Issoufou Moumine da ake kira Almeida, wanda ya haɗa kiɗa da aikin shari'a, tana waƙa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek. Ta yi suna da wasan sa'o'i da yawa a dare, kusan kullum, tana sauya makaɗa in wasu sun gaji, kuma a 2013 faifanta ya fara fita a Ingila.

Kuɗi da hanya

Samun makaɗin gida yana hawa da sauka tare da aljihun gari. Yawon buɗe ido, da ya ciyar da Agadez shekaru, ya durƙushe bayan tawayen 2007 da sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a 2010. Zinaren Djado da aka gano a 2014 ya kawo kuɗi, dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure zuwa Libiya ta tsayar da sana'ar direbobi da yawa, har aka soke ta a ƙarshen 2023. Lokacin siyasa ma kasuwa ce, domin 'yan takara na ɗaukar makaɗa zuwa gangami. Da azumi kuwa kiɗa yakan tsaya cak.

Masu fita waje suna da tasu matsalar. Biza na da wuya, kuɗin jirgi na cinye riba, ga dangi da yawa da ke jiran abin da aka samo. Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya tarar da ƙungiyar Mdou Moctar tana tsakiyar rangadi a Amurka. Aka rufe iyakoki da sararin samaniyar Nijar, 'yan ƙungiyar uku suka rasa hanyar gida, masoya suka yi musu karo-karo ta intanet don kuɗin masauki da abinci. A wannan zaman jiran suka shiga situdiyo a Brooklyn suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice, wanda a lokacin bai fito ba tukuna, da jita marar lantarki, aikin da ya fito a farkon 2025 da sunan Tears of Injustice.