Don Allah ku daina tsinka ruwan khal da ruwa

A 'yan makonnin nan kwalabe huɗu aka kawo mini in duba, duk na haɗin kayan lambu mai tsami da ake yi a gida: kokwamba, albasa, tattasai da karas, an yayyanka ƙanana an dafa da ruwan khal da sukari. Biyu murfinsu ya kumbura. Ɗaya ta yi kumfa, ruwan ciki ya gurɓace. Ta huɗun kuwa fes take, ido ba ya ganin komai, amma ita ta fi tayar mini da hankali, domin mai ita cewa ta yi, "Ai tsamin ne ya yi yawa, yara ba sa so, shi ne na ƙara ruwa kofi biyu."

Kofi biyu, 'yar'uwa! Tsamin nan da kike gudu shi ne ke gadin kwalbar. Akwai ƙwayar cuta a cikin ƙasa, Clostridium botulinum, tana maƙale wa kayan lambu, kuma tafasa ta yau da kullum ba ta kashe irinta. Wurin da ta fi so shi ne rufaffiyar kwalba marar iska. Tsami mai ƙarfi ne ke hana ta yin dafi, wato ma'aunin tsami da ake kira pH ya tsaya a 4.6 ko ƙasa da haka (ƙaramar lamba, tsami mai ƙarfi). Kin zuba ruwa, kin buɗe mata ƙofa. Dafin kuma sau da yawa ba ya wari, ba ya canza ɗanɗano, don haka a daina cewa "bari in ɗan lasa in ji."

Na san ƙoƙarinku, wallahi na sani. Kayan lambu sun yi yawa, ba ku son su lalace, kun tsaya kan wuta kun sha yanka har yatsu sun yi zafi. Ina yaba muku. Amma na gaji da jin magana ɗaya da baki daban-daban. Wannan ta rage khal saboda ya kusa ƙarewa. Waccan ta ƙara albasa da karas a kan abin da girkin ya ce, wai kada ragowar ta tafi a banza. Wani kuma ya yi da khal ɗin da ya haɗa da kansa, wanda shi ma bai san ƙarfinsa ba. Duk abu ɗaya ne: kayan lambu sun fi ƙarfin tsamin. Idan tsami ya yi miki yawa, ƙara sukari. Sukari, ba ruwa ba. Sau nawa zan faɗa?

Sauran a taƙaice:

- Khal mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, a duba jikin kwalbarsa.
- A bi ma'aunin girkin da aka gwada, ba ƙari ba ragi.
- Kwalabe masu tsabta da zafi, murfi sabo, a bar sarari kamar santimita 1 a sama, a goge bakin.
- A nutsar da su a ruwa mai tafasa ya shanye kansu, minti 10 zuwa 15 gwargwadon girkin, a fara ƙirga bayan ruwan ya tafaso. Masu zama a tudu mai tsayi su ƙara lokaci.
- Bayan awa 12 zuwa 24 a danna murfin. In ya motsa, firij, a cinye da wuri.

Wanda kuma ya nace sai ya sauya ma'auni, to kada ya ajiye kwalbar a kan kantar ɗaki. Ya sa a firij tun ranar farko.

Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko take yoyo, ko ta feso ruwa da aka buɗe, a ɗaure ta a leda a jefar inda yaro ko dabba ba za su kai ba. Idan wani ya ci, sai ya fara ganin abu biyu-biyu, fatar ido ta sauko, magana ta sarƙe ko haɗiya ta gagara, yawanci cikin awa 12 zuwa 36, kada a jira gari ya waye, domin dafin yana iya tsayar da numfashi. A wuce asibiti nan take, a tafi da kwalbar, a kuma faɗa wa likita duk waɗanda suka ci daga cikinta.