Sabar gwaji ta jama'a a wasannin intanet

Sabar gwaji ta jama'a wata keɓaɓɓiyar saba ce (wato kwamfutar da ke ɗauke da wasa a intanet) da kamfanin wasa ke buɗewa domin 'yan wasa su gwada sabbin gyare-gyare kafin a saka su a babbar sabar da kowa ke wasa a kai. An fi samun ta a wasannin da ke haɗa dubban mutane a lokaci guda. Blizzard na kiran tata PTR a World of Warcraft, Riot Games na da PBE a League of Legends, ta EVE Online kuwa, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aislan ya fitar a 2003, sunanta Singularity. A wasannin waya akwai Advance Server ta Free Fire, wadda sai da lambar shiga ake samun damar buɗe ta.

Galibi ɗan wasa kan sauke wata manhaja daban, sannan a kwafo masa jaruminsa, wato wanda yake sarrafawa a cikin wasan, daga babbar saba, ko a ba shi wani da aka riga aka shirya da makamai da kuɗin cikin wasa. Duk abin da ya tara a can, can zai tsaya, kuma kamfani na iya share komai ba tare da sanarwa ba. Mafi yawan waɗannan sabobin na masu kwamfuta ne, saboda kowace sabuntawa a PlayStation ko Xbox sai ta bi ta hannun masu na'urar sun tantance.

Babban amfaninta shi ne kama tangarɗa. Ma'aikatan gwaji na kamfani komai ƙwarewarsu ba su da yawa, kuma bisa tsari suke wasa. Jama'a kuwa ba ruwansu da tsari: wani zai yi ta tsalle a jikin bango har ya faɗa ƙarƙashin taswira, wani ya haɗa makamai biyu da ba wanda ya taɓa tunanin haɗa su. Abin da ya faru a World of Warcraft a watan Satumba na 2005 ya nuna irin ɓarnar da kuskure ɗaya kan yi idan ya kai babbar saba. An tsara wata cuta mai suna Corrupted Blood ta tsaya a cikin wani fage mai suna Zul'Gurub, inda ake yaƙar dodon nan Hakkar. Sai dabbobin da jarumai ke yawo da su suka ɗebo ta zuwa birane irin su Ironforge da Orgrimmar, ta riƙa kashe ƙananan jarumai cikin daƙiƙu, tituna suka cika da ƙasusuwa. Daga baya har masana annoba sun yi nazari a kai.

Inda sabar gwaji ke da rauni shi ne auna ko wani jarumi ko makami ya fi ƙarfin sauran. Masu shiga kaɗan ne, kuma ba su wakiltar sauran 'yan wasa. Da yawa leƙe kawai suke zuwa yi, su ga sabuwar riga ko sabon fage su fita ba tare da sun kai rahoton komai ba. Ƙarancin mutane kan sa a haɗa gwani da ɗan koyo a karawa ɗaya, don haka alƙaluman nasara ba abin dogaro ba ne sosai. A 2020 Blizzard ta ƙara wani sashen gwaji a cikin wasan Overwatch kansa, wanda ya ba masu na'urorin wasa damar shiga su ma.

Akwai kuma tonon asiri. Da zarar fayiloli sun fito, shafuka irin su Wowhead kan tono labari da kayan da kamfani bai sanar ba tukuna, manyan ƙungiyoyin 'yan wasa kuma kan haddace dabarun yaƙar dodanni tun kafin ranar buɗewa. Shi ya sa kamfanoni kan kulle wasu fayiloli, ko su riƙe ƙarshen labarin wasa su ƙi saka shi a gwaji, ko da hakan na nufin zai fito da 'yan kura-kuransa.