Munafunci: Kalmar da Muke Jifa da Ita Ba Awo

Wasu su ce munafunci, wasu munafurci, a ƙasar Sakkwato kuma ka ji munafucci. Duk daga Larabci suka fito, daga "nifaƙ". Malaman lugga sun ce asalinta ramin wani ɓeran sahara ne mai ƙofa biyu: ka tare shi ta nan, ya ɓulla ta can.

A addini kalmar tana da nauyi ƙwarai. Munafuki shi ne mai imani a baki, kafirci a zuci. Sura ta 63 a Alƙur'ani sunansu ta ɗauka, kuma jagoransu a Madina, Abdullahi bin Ubayyu, shi ne ya juya da mutum kusan 300 ana kan hanyar Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira. Sai kuma ƙaramin munafunci, na aiki, wanda hadisin Bukhari da Muslim ya ba alamomi uku: ƙarya a zance, saɓa alkawari, cin amana.

Amma da kalmar ta shigo tsakar gida, sai Bahaushe ya ƙara mata kaya. Idan uwargida ta ce wa maƙwabciya munafuka, ba imaninta take tuhuma ba. Nufinta mai kwashe zancen wannan ɗaki ta kai wancan, ta ci tuwo da ke da rana, da dare ta ci namanki. Irin wannan ake kira Musa a baki, Fir'auna a zuci, ko a ce hankaka, gabanka fari bayanka baƙi. Har yara a makaranta, wanda ya kai ƙara wurin malam sunansa munafuki, ko da gaskiya ya faɗa.

Inda nake ganin an zarce shi ne yadda matasa a Facebook suke kiran kara da kawaici munafunci. Surukar da ta danne ɓacin ranta ta yi wa matar ɗanta sannu da aiki, ba ramin ƙofa biyu ta haƙa ba; babu wanda za ta je ta sara a bayan ido. Ta haɗiye ne don gida ya zauna. Mai kara kansa yake cuta don ya rufa maka asiri. Munafuki kuwa, murmushin da ya yi maka yanzu, kafin la'asar ya sayar da shi a majalisar maƙiyanka.