Wankan gishiri da killace sabon kifi: tambayoyi da amsoshi

Masu kiwon tarwaɗa da karfasa a Damagaram sukan sayo 'ya'yan kifi daga nesa, wasu ma daga Kano. Kifin yakan iso a gajiye, kuma sau da yawa da ƙananan ƙwayoyin cuta a fatarsa. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi.

Me gishiri yake yi wa kifin ruwan daɗi?

Jinin kifi yana da gishiri kusan giram 9 a kowace lita, ruwan da yake ciki kuwa kusan babu. In aka jefa shi cikin ruwa mai gishiri da yawa, ruwan jikin ƙwayoyin da ke manne a fata da mashaƙa, wato jan naman nan na ƙarƙashin kunnensa, yakan tsotse, ƙwayoyin su mutu kafin abin ya taɓa kifin. Kifin kuma yakan ƙara fitar da yauƙi ya kakkaɓe saura. Tazarar da ke tsakanin mutuwar ƙwayar da galabaitar kifin 'yan mintoci ce kawai, don haka sikeli da agogo dole ne.

Nawa ake zubawa, kuma minti nawa?

Hanya uku ce. Tsomawa: giram 30 a lita, wato giram 600 a bokiti mai lita 20, daga daƙiƙa 30 zuwa 'yan mintoci. Wanka: giram 10 a lita, giram 200 a bokitin, har minti 30. Jiƙo: giram 2 zuwa 3 a lita, kifin ya kwana cikinsa kwanaki, duro mai lita 200 zai ci giram 400 zuwa 600.

Karfasa tana jure gishiri fiye da tarwaɗa, kuma ƙaramin kifi bai kai babba juriya ba. Ga 'ya'yan tarwaɗa masu tsawon yatsa, wankan giram 10 ya fi aminci. A narkar da gishirin sarai kafin kifi ya shiga, a gwada da kifi biyar, a jira awa ɗaya, in sun murmure a yi wa saura. Da kifi ya fara kifewa ta gefe ko ya daina motsa kunne, a cire shi nan take ko da lokaci bai cika ba. Mai tsomawa ba ya amsa waya.

Kowane gishiri ya yi?

Farin gishirin girki tsantsa ake so. Kanwa kam a'a, duk da arharta a nan: tana ɗaga pH na ruwa, wato ma'aunin tsaminsa ko kanwarsa, ta ƙona mashaƙa, ta kuma ƙara wa ammoniya, sinadarin da kifi ke fitarwa a ruwa, dafi. Kantun Bilma na dabbobi ma a bar wa raƙuma, don akwai ƙasa da wasu gishirori a haɗe, ba za ka san abin da ka auna ba.

Da saukowa daga mota za a tsoma shi?

Kul. A ɗora ledar da kifin ya zo a ciki a kan ruwan wurin killacewa minti 15 zuwa 20 zafi ya daidaita, a kwashe kifin da raga, a zubar da ruwan ledar waje. Jiƙon giram 2 kaɗai ya dace a ranar, kuma babu abinci. Tsomawa sai bayan kwana ɗaya ko biyu, da sassafe. A Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai, sai a sa injin hura iska a bokitin. Ruwan pompo kuma a bar shi a buɗe awa 24 kulorin, wato maganin da ake sa wa ruwan pompo, ya fita.

In an yi wanka, ina amfanin killacewa?

Nan ne mutane ke asara. Wanka yana kai wa abin da ke waje ne kawai. Cutar fararen ɗigo, mai kama da an barbaɗa wa kifi gishiri, tana zama ƙarƙashin fata inda ruwan wanka ba ya isa. In ta ƙoshi sai ta faɗo ƙasa, ta rufe kanta, ta fashe ta fito da ɗaruruwan 'ya'ya. A ruwa mai ɗumi zagayen yakan cika cikin ƙasa da mako guda, a sanyin Disamba da Janairu kuwa yakan ja lokaci, kifi ya yi kamar lafiya lau. Saboda haka a ware sabon kifi mako 3 zuwa 4, da ragarsa da bokitinsa daban, ana sauya ruwa ana lura: goga jiki da bango, taruwa a bakin ruwa, ƙin cin abinci.

Mai kifin ado na ruwan teku fa?

Shi a juye abin yake. Ruwan teku yana da kusan giram 35 na gishiri a lita, don haka ruwan daɗi ne maganin tsomawarsa, minti 3 zuwa 5. Dole zafin ruwan ya zama ɗaya da na akwatin gilashin, pH ɗinsa kuma a ɗaga shi kusa da 8, babu kulorin. Tsutsotsin fata masu faɗi sukan yi fari su zube a gindin kwano, alamar sai an bi da maganin firazikwantel. Fararen ɗigon teku ma ba sa jin tsomawa.

Fomalin fa, tunda ana sayar da shi?

Sinadari ne na ruwa mai kashe ƙwayoyin cuta. Yana aiki, amma yana cinye oksijin, kuma dafinsa na ƙaruwa da zafi, abin da bai dace da bazararmu ba. Kada a sa wa kifi mai rauni a jiki. Kwalbar da farin gari ya kwanta a gindinta ta zama guba, ba ta shiga ruwan kifi. Wanda ba shi da sirinji na auna mililita da injin iska ya tsaya kan gishiri.