Tambayoyin da iyaye suka ishe ni da su kan fim ɗin Animal

Ina da ɗan shagon tura finafinai a waya. Tun da fim ɗin nan na Indiya, Animal, ya fito ranar 1 ga Disamba 2023, bakina bai huta ba. Yaro ya zo ya ce a tura masa, in hana, ya je ya samo a wani wuri, washegari uwar ta zo min da wayar a hannu. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta.

Na 'yan shekara nawa ne?

18 zuwa sama. Hukumar tace finafinan Indiya harafin A ta ba shi, wato na manya zalla. Masu abin da kansu ke nan suka faɗa.

Ba fim ɗin Indiya ba ne? Ai rawa da waƙa ne.

Hajiya, Indiyar da kika sani a zamanin kaset daban, wannan daban. Waƙa kam akwai. Akwai wurin da 'yan uwan jarumin suka tsaya suna rera waƙa, shi kuma yana bin mutane da gatari a cikin otal yana sara. Wannan ce rawar.

Labarin mene ne?

Ranbir Kapoor ne ɗan wani hamshaƙin attajiri mai kamfanin ƙarfe, Anil Kapoor ne uban. Yaron ya taso yana neman kulawar uban bai samu ba. Da aka harbi uban, sai ya dawo daga Amurka ya shiga farautar duk mai hannu a ciki. Awa 3 da minti 21 ana wannan.

Me ya sa ban ga alamar shekaru a na wayar ɗana ba?

Takardar hukumar a farkon fim take fitowa, kwafin da ke yawo a memori kuwa sau da yawa an gutsure wurin. Na Netflix yana nuna alamar a saman allo, kuma ana iya sa wa akwatin manya lambar sirri. Amma ku nawa ne kuka taɓa duba wannan? Ku sayi waya ku miƙa wa yaro, sai abu ya ɓaci ku zo kuna harare na.

Jinin ne ya yi yawa?

Ya yi yawa, amma ni ba shi ya fi damuna ba. Yaron da ya ga yankan rago da Babbar Sallah, ya san jinin fim fenti ne. Abin da ya tsaya min a rai shi ne fim ɗin yana bayan mai kisan. Tun yana ɗan makaranta ya ɗauki bindiga ya shiga ajin yayarsa ya buɗe wuta don an tsokane ta, kuma aka nuna abin kamar jarumta, har da kiɗa mai tada tsikar jiki. Ya kashe mutane ba adadi, ba a ga ranar da hukuma ta kama shi ba. Ga yadda yake yi da mata: ya ci amanar matarsa, ya ce wa wata ta lashi takalminsa in da gaske tana son sa. Har a majalisar dattawan Indiya an tada maganar, inda wata 'yar majalisa, Ranjeet Ranjan, ta ce 'yarta ta fito daga sinima tana kuka fim bai ƙare ba.

Ɗana shekararsa 16, abokansa duk sun gani, ya nace. In hana shi, ko in zauna mu kalla tare?

To, Alhaji, nan ne ba na yanke hukunci da sauri. In ka tambaye ni a taƙaice, a hana. Sai dai hanin da ba za ka iya tsarewa ba, yaro yake koya wa ɓoyo. Wayarsa na hannunsa, dare na da tsawo, ya toshe kunne da iyafis ya lulluɓa da bargo, shi ke nan. Kai kana ganin ka hana, shi kuwa ya kalla sau biyu.

Saboda haka sai ka duba wane irin yaro ne. Shekara 16 ba ɗaya ba ce. Akwai wanda in ya ga mugu a fim zai ce wannan mahaukaci ne, akwai wanda gobe zai canja tafiya da aski ya koma shi. In naka mai saurin fushi ne, ko an taɓa kawo maka ƙararsa kan faɗa, ko ka lura da yadda yake daka wa ƙannensa mata tsawa, kada ma a fara. Haka in tsakaninku akwai tsami. Fim ne kacokan kan ɗan da uba ya yi watsi da shi, yaron da ke jin haka a ransa zai ga kansa a ciki, kuma ba ta kyakkyawar fuska ba.

Zama a kalla tare kuma, a wani fim ɗin zan ce e. A wannan ina jan ƙafa, don akwai wuraren tsiraici da maganganun batsa da ba za ka iya zama kusa da ɗanka ana yi ba, da kunya. Kafin ka lalubo rimot an wuce wurin. Abin da na ga ya fi dama-dama: ka kalla kai kaɗai tukuna, ko ka sa yayansa ko kawunsa wanda suke wasa da dariya. Sannan ka gaya masa dalilinka ɗaya takamaimai. "Na hana" kawai ba ta shiga kunnen ɗan 16. In kuma ka gano ya riga ya gani, bar batun bulala. Tambaye shi wa ya burge shi a ciki, me ya gani game da matar. Daga amsarsa za ka san ko akwai aiki a gabanka. Mai yiwuwa ya ce maka ma tsawon ne ya gundure shi, na sha jin haka.

Zai mayar min da yaro ɗan daba?

Kwantar da hankalinki, Mama. Fim ɗaya ba ya mayar da yaron kirki ɗan daba dare ɗaya. Ki fi sa ido kan waɗanda yake zama da su a bakin layi.

Mace ce tawa, tana da hankali.

18 ɗin dai. Ba a raba ta maza da mata ba.

In na tsallake wuraren faɗan fa?

Sai ki kalli me? Kuma kada ki ga an fara rubutun ƙarshe ki tashi ki bar yara da allo. Bayansa akwai wani guntu, yankan mutum ake yi kamar a mahauta, don share wa kashi na biyu hanya.

Za ka goge min shi daga wayarsa?

Kawo, ba ko sisi. Amma yana wayar abokinsa, kuma da Xender minti kaɗan ne ya dawo.