Ganawar neman aiki ta intanet

Ganawar neman aiki ta intanet, wadda aka fi sani da intabiyu ta bidiyo, hanya ce ta tantance mai neman aiki inda shi da masu ɗaukar aikin suke ganin juna suna magana ta kwamfuta ko wayar hannu, ba tare da sun haɗu a ɗaki ɗaya ba. Manhajar Skype, wadda ta fito a 2003, na cikin waɗanda suka fara sauƙaƙa wannan hanya, kafin Zoom ta biyo baya a 2013, sannan Microsoft Teams da Google Meet a 2017. Amma abin da ya mayar da ita ruwan dare shi ne annobar korona, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris, 2020. Kamfanin Zoom ya bayyana cewa masu shiga taro a manhajarsa kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020, kuma bayan an sassauta kulle ma'aikatu da yawa ba su koma tsohon tsari ba, domin sun ga ya rage musu kuɗi da ɓata lokaci. Ita kuwa Skype, Microsoft ya rufe ta a Mayun 2025.

Ganawar iri biyu ce. Akwai ta kai tsaye, inda ake tambaya ana amsawa nan take, akwai kuma wadda tambayoyi ke bayyana a allo, mai neman aiki ya naɗi amsoshinsa cikin ƙayyadadden lokaci, a duba daga baya. Kamfanin HireVue na Amurka ya yi fice a nau'i na biyu, kuma ya sha suka saboda amfani da manhaja wajen nazarin yanayin fuskar mutane, har ya sanar da daina hakan a farkon 2021. Jihar Illinois ta Amurka ma ta kafa dokar da ta fara aiki a Janairun 2020, wadda ta wajabta sanar da mai neman aiki da neman yardarsa kafin a sa ƙirƙirarriyar basira, wato manhajar da ke kwaikwayon tunanin ɗan Adam, ta tantance bidiyonsa.

Babban bambancin wannan hanya da ta ido da ido shi ne ɗawainiyar wurin zama ta koma kan mai neman aiki. A da ma'aikata ce ke tanadar ɗaki da haske da natsuwa, yanzu kuwa duk wannan na wuyansa, kuma ko ba a faɗa ba, masu tantancewa suna auna tsarinsa da abin da suka gani a allo. Saboda haka ake so a gwada manhajar tun kwana ɗaya kafin ranar, a tabbatar sunan da ke bayyana shi ne na ainihi ba laƙabi ba, a ɗaga kyamara daidai da ido, a kuma fuskanci taga maimakon ba ta baya, domin hasken da ke bayan mutum yana duhunta fuskarsa. Sauti ya fi hoto muhimmanci: ana iya haƙuri da hoton da ya dusashe, amma muryar da ke yankewa tana lalata amsa komai kyawunta, shi ya sa abin saƙalawa a kunne mai makirufo ya fi lasifikar kwamfuta amfani. Inda ake yawan ɗauke wuta ko sabis ke rawa, cikakken caji da isasshiyar data da layi na biyu na wani kamfanin sadarwa ba ƙawa ba ne, larura ce. Idan kuma layin ya katse, abin da ya dace shi ne a sake shiga nan da nan, a ba da haƙuri a taƙaice, a ci gaba daga inda aka tsaya.

Sha'anin agogo yana yawan ruɗa masu ganawa da ma'aikatun ƙetare. Najeriya da Nijar ba sa sauya agogonsu, amma Ingila tana yi: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Landan daidai yake da na Kano, sauran watannin kuwa Kano na gaba da awa ɗaya.

Duk wannan tanadi share fage ne kawai, domin amsoshi ne ke ba mutum aiki. Ana sa ran mai neman aiki ya san abin da ma'aikatar ke yi, ya karanta sanarwar gurbin da kyau, ya kuma tanadi misalai daga aikinsa ko karatunsa waɗanda zai bayyana a jere: halin da ya tarar, nauyin da aka ɗora masa, matakin da ya ɗauka, da sakamakon da aka samu. Duban kyamara lokacin magana shi ke sa masu sauraro su ji ana kallonsu, kuma ɗan dakatawa kafin amsa yana hana katse mai tambaya, tunda sauti kan ɗan yi jinkiri a layi. Karanta rubutacciyar amsa daga allo kuwa ba ya ɓoyuwa, ido da murya suna tona shi.

'Yan damfara ma sun shigo harkar. Ganawar da ake yi da rubutu kawai a WhatsApp ko Telegram, a ba mutum aiki nan take, sannan a nemi kuɗin fom ko na horo ko lambobin sirrin asusun banki, alama ce ta zamba, kuma ya kamata a bincika gurbin a shafin ma'aikatar na ainihi kafin a miƙa kowane bayani.