Waiwaye: Yadda gangunan Koko suka haifar da dokokin muhalli a Najeriya

Kafin 1988 Najeriya ba ta da hukumar tarayya da aikinta kacokan shi ne kare muhalli. Sai da aka yi abin kunya a Koko, wani ƙaramin garin bakin ruwa a tsohuwar jihar Bendel, wanda yanzu yake Delta. Wasu 'yan kasuwar Italiya suka sauke dubban ganguna cike da gubar masana'antu, suka jibge a filin wani bawan Allah suna ba shi dala 100 duk wata. Rana ta yi ta dukan gangunan har wasu suka kumbura suna tsiyaya. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridun gida.

Gwamnatin Babangida ta janye jakadanta daga Roma, ta tilasta aka kwashe sharar. A 1988 ɗin ta kafa dokar soja mai lamba 42, wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai guba, da mai lamba 58 da ta haifi hukumar kare muhalli ta tarayya, wato FEPA.

Waɗannan dokoki na hukunta ɓarna ne bayan ta auku. Maganar ɗorewa, wato a ci moriyar ƙasa yau ba tare da an cinye rabon jikoki ba, rahoton 1987 na kwamitin Brundtland na Majalisar Ɗinkin Duniya ne ya yayata ta, taron muhalli na duniya da aka yi a Rio ta Brazil a 1992 ya ƙarfafa ta. A 1992 ɗin Najeriya ta kafa doka mai lamba 86, wadda ta wajabta auna illar babban aiki ga muhalli kafin a sa harsashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsarin mulkin 1999. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa, iska, ƙasa da daji, amma an ajiye shi a babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu tuhumar gwamnati a kansa. An ba da hannun dama, an karɓe da hagu. Da aka kafa NESREA, hukumar tilasta bin dokokin muhalli, a 2007 kuwa, sai aka cire man fetur da iskar gas daga huruminta.

Ban da dokar FEPA da aka soke a 2007, duk dokokin nan suna nan a rubuce a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a tsakar gida.